Kaftin Ruppelt da Fayilolin da Suka Ƙi Rufuwa

Ranar 7 ga Janairun 1948, bayan azahar, 'yan sandan jihar Kentucky ta Amurka suka kira filin jirgin soja na Godman da ke Fort Knox, suka ce jama'a na ta bugo waya cewa sun ga wani farin abu mai faɗi a sama. Ma'aikatan hasumiyar filin suka leƙa, su ma suka gan shi. Ana cikin haka sai ga jiragen yaƙi huɗu ƙirar F-51 za su wuce, aka roƙi jagoransu, Kaftin Thomas Mantell, ya je ya dubo. Ɗaya daga cikin matuƙan ya wuce abinsa saboda mansa ya yi ƙasa, biyu suka bi Mantell, amma da tafiya ta yi sama sosai suka juyo. Shi bai juyo ba, alhali ba ya tare da iskar oksijin da matuƙi ke shaƙa idan ya yi nisa da ƙasa. Jirginsa ya tarwatse kusa da garin Franklin. Shekararsa 25, kuma ya tsira daga Yaƙin Duniya na Biyu.

Amsar farko da rundunar sojin saman Amurka ta bayar ita ce, wai Zara ya bi, tauraruwar nan da muke kira matar wata. Mutane ba su yarda ba, kuma suna da hujja, domin da rana Zara ɗigon haske ce kawai, waɗanda ke hasumiya kuwa abu mai jiki suka kwatanta. Daga nan jita-jita ta samu wurin zama, har aka riƙa cewa halittun wata duniya ne suka harbo shi. Wannan na daga cikin labaran da Edward J. Ruppelt ya sake tonowa a littafinsa mai suna The Report on Unidentified Flying Objects, wanda kamfanin Doubleday ya buga a 1956. A kansa nake so mu tattauna.

Ta bayan gida na shigo littafin. Shirin talabijin na Project Blue Book na fara kalla, wanda tashar History ta nuna daga 2019 zuwa 2020, sai na je neman abin da aka gina shi a kai, na tarar littafin Ruppelt yana nan kyauta a intanet. Ruppelt ɗan jihar Iowa ne, an haife shi a 1923, ya yi yaƙi a cikin jiragen B-29, sannan ya karanci injiniyancin jiragen sama. Da Yaƙin Koriya ya ɓarke aka sake kiransa soja, aka tura shi sashen leƙen asirin fasaha da ke sansanin Wright-Patterson a Dayton, jihar Ohio. A ƙarshen 1951 aka ɗora masa wani ofishi da ya kusa mutuwa, wanda aikinsa shi ne karɓar rahoton duk wanda ya ce ya ga baƙon abu a sama. An fara kiran ofishin Project Sign a 1948, ya koma Project Grudge a 1949, a hannun Ruppelt kuma ya zama Project Blue Book a Maris na 1952. Ya riƙe shi zuwa 1953.

Wanda ya buɗe littafin yana jiran ya ga halittu masu manyan idanu zai yi hamma. Littafin ma'aikacin gwamnati ne. Cike yake da fayiloli, da waya da ke ƙara cikin dare, da janar-janar da ke son amsa kafin ƙarfe tara na safe, da neman izinin tafiya, da ma'aikatan da a yatsu za a ƙirga su. Ruppelt ba gwanin salo ba ne, yana maimaita kansa, kuma akwai babobi a tsakiya da rahoto ke bin rahoto har mai karatu ya kasa tuna wane gari ake ciki. Sai dai yana da barkwanci irin na mutumin da ya gaji, kuma ya iya abu guda da marubutan wannan fanni da yawa ba su iya ba: yana gaya maka matakin da ya bi. Wa ya kira, wace taswirar iska ya duba, wane jirgi ne ya tashi a wannan sa'ar, me ya rage bayan an cire waɗannan. A ganina wuraren da suka fi kama da gundura su ne mafi daraja a littafin.

Mu koma kan Mantell. Da Ruppelt ya zaro fayil ɗin bayan shekara huɗu, ya tuntuɓi masanin taurarin da ke ba ofishin shawara, J. Allen Hynek, wanda a da ya goyi bayan batun Zara, Hynek kuma ya janye. Sai Ruppelt ya bi wata hanyar. A wancan lokacin rundunar sojin ruwan Amurka na gwajin wasu manya-manyan balan-balan na roba mai sheƙi da ake kira Skyhook, waɗanda ke hawa sama fiye da inda kowane jirgi na lokacin ke kaiwa. Shirin sirri ne, don haka Mantell da mutanen hasumiya ba su taɓa jin labarinsa ba. Siffar da shaidu suka bayar ta dace da shi, wasu da suka duba da madubin hangen nesa a wasu garuruwan ma sun ce balan-balan suka gani, yanayin iskar ranar kuma ya dace. Abin da ya burge ni shi ne inda Ruppelt ya tsaya. Ya faɗi cewa ya nemi takardar da za ta tabbatar an saki balan-balan ɗin a ranar bai samu ba. Ya nuna inda hujja ta fi rinjaya, ya kuma nuna ramin da ya rage.

A nan akwai abin da littafin ya taɓa bai zurfafa ba, wato yawancin duhun da ofishin ke fama da shi gwamnatin da ta kafa shi ce ta haifar da shi. Hannun dama na ɓoye wa hannun hagu, sai a biya wani kaftin albashi ya binciko abin da wani kaftin ɗin ya rantse ba zai faɗa ba. Bayan Ruppelt ya bar aiki abin ya ƙaru. Jirgin leƙen asiri na U-2 ya fara tashi a 1955, yana shawagi sama da ƙafa 60,000, inda rana ke ci gaba da haska fikafikansa bayan ta faɗi ga matuƙan da ke ƙasa da shi. A 1997 wani masanin tarihi na hukumar CIA, Gerald Haines, ya rubuta cewa irin waɗannan jirage ne suka jawo fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na 1960. Masu bincike da dama na ganin ya cika lissafin.

Kalmar UFO da duniya ta sani a yau Ruppelt ne ya yayata ta. Kafin shi jaridu “faranti mai tashi” suke cewa, tun bayan da Kenneth Arnold ya ba da labarin abubuwa tara da ya gani kusa da dutsen Rainier ranar 24 ga Yunin 1947. Ruppelt ya ga sunan ya riga ya yanke hukunci a kan siffa, sai ya zaɓi wanda ke nufin abu mai shawagi da ba a tantance ba. A wajen aikina na rubuta manhaja, idan mai amfani da ita ya kawo ƙorafi muka gwada muka gwada matsalar ta ƙi bayyana a gabanmu, akwai alamar da muke sa wa ƙorafin: an kasa maimaitawa. Alamar labarin iyakarmu take bayarwa, ba ta ce mutumin ƙarya yake ba, ba ta kuma ce aljani ne ya shiga wayarsa ba. Haka “ba a tantance ba” take, sifar fayil ce. Abin dariyar shi ne, sunan da aka ƙirƙira don a kauce wa yanke hukunci shi ne yau ya koma ma'anar jirgin baƙi daga wata duniya a bakin kowa.

Ruppelt ya yi wani abu da duk mai aiki da rumbun bayanai zai yaba. Ya sa an tsara takardar tambayoyi iri ɗaya ga kowane shaida, ya kuma haɗa kai da cibiyar bincike ta Battelle da ke Columbus, wadda ya sakaya sunanta a littafin, aka zuba rahotanni kimanin 3,200 a katunan IBM masu huda domin na'ura ta tace. Sakamakon ya fito a 1955 da sunan Special Report No. 14. Muhimmin abin da suka yi shi ne raba kwando biyu da mutane ke haɗawa: rahoton da bayaninsa bai isa a ce komai ba, da rahoton da bayaninsa ya isa amma bai dace da jirgi ko tauraro ko balan-balan ba. Kwando na biyu ya kwashi kusan ɗaya cikin biyar. Sun kuma gano cewa rahotannin da aka ba makin inganci mafi girma sun fi faɗawa cikinsa. Masu imani da baƙin halittu sun shekara saba'in suna kaɗa wannan sakamakon kamar tuta. Ni dai ina ganin tsarin rabon kansa ya bayyana wani ɓangare na abin, tunda raunanan rahotanni suna da wani kwandon da za su faɗa tun kafin su kai nan. Sauran ɓangaren kuma yana komawa ga yadda ake auna ingancin shaida, kuma a nan ne nake da babbar matsala da Ruppelt.

Mutumin yana da rauni a gaban muƙami. Sau da yawa idan zai ƙarfafa rahoto sai ya lissafo maka cewa shaidan kanar ne, ko matuƙi mai sa'o'i dubbai a sama, ko farfesa, kamar hakan ya rufe magana. Malaman hadisi sun daɗe da raba abu biyu game da mai ruwaya: adalcinsa, wato ba ya ƙarya, da kuma kiyayewarsa, wato ya riƙe abin daidai yadda yake. Mutum na iya cika na farko ya faɗi a na biyu. Duk wanda ya taɓa fita duban jinjirin watan azumi ya san dattijo mai gaskiya na iya rantsuwa a kan sirin gajimare. A sararin sama matsalar ta wuce ta hali, ta lissafi ce. Idan ba ka san girman abu ba, idonka ba shi da hanyar sanin nisansa, idan kuma ba ka san nisansa ba, duk gudun da ka ƙiyasta masa iska ce. Ƙaramin abu na kusa mai tafiya a hankali da ƙaton abu na nesa mai tsala gudu hoto ɗaya suke bari a ido. Galan ɗin kafaɗa ba ya gyara wannan. Littafin da kansa ya kawo hujjar: ranar 1 ga Oktoban 1948 Laftanar George Gorman ya shafe minti 27 yana artabu da wani haske a saman garin Fargo, yana ganin hasken na kauce masa da dabara, binciken soja kuma ya ƙare a kan balan-balan ɗin auna yanayi mai ɗauke da fitila. Ruppelt ya yarda da wannan, ya yarda da na Mantell, amma bayan shafuka kaɗan sai ka same shi yana mamakin yadda gogaggen matuƙi zai yi kuskure.

Babin da ya fi kowanne shi ne na birnin Washington. A daren 19 ga Yulin 1952, sannan a daren 26 ga wata, na'urorin rada na filin jirgin saman Washington National da na sansanin Andrews suka nuna ɗigogin da ba na jiragen da aka sani ba, wasu a sararin da aka haramta shawagi, saman Fadar White House da majalisa. Wasu matuƙa da ma'aikatan ƙasa sun ce sun ga fitilu. An taso da jiragen F-94 daga jihar Delaware, mafi yawa ba su tarar da komai ba. To ina shugaban ofishin binciken yake? Ya sauka a Washington kan wani aikin daban bayan daren farko, kuma a jarida ya ga labarin. Da ya nemi motar ofis don ya zagaya ya gana da shaidu aka ce sai manyan hafsoshi ake ba. Aka ce ya hau bas, ko ya ɗauki tasi da kuɗin aljihunsa, aka kuma tuna masa cewa takardar tafiyarsa ba ta ba shi damar ƙara kwana ba. Sai ya tattara ya koma Dayton. Babu marubucin ƙagaggen labari da zai yi ƙarfin halin ƙirƙiro wannan, kuma duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur a sakatariya zai gane ƙamshin wurin.

Ranar 29 ga Yuli Manjo Janar John Samford ya yi taron manema labarai a Pentagon, mafi girma tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Bayanin da jaridu suka ɗauka shi ne na yanayi: a daren zafi iska mai ɗumi kan hau kan mai sanyi, sai ta lanƙwasa siginar rada zuwa ƙasa, na'urar ta riƙa nuna gine-gine da motoci kamar suna sama. Bayani ne mai ma'ana, abin yana faruwa, kuma akwai irin wannan yanayin a dararen biyu. Ƙorafin Ruppelt, wanda nake ganin ya yi daidai, shi ne an sanar da amsar kafin a yi aikin da zai tabbatar da ita, kuma ma'aikatan radar da suka saba ganin irin wannan ruɗin kullum sun ce abin da suka gani ya bambanta. Mai yiwuwa ne janar ɗin ya dace da gaskiya. Amma amsar da aka bayar don a kwantar da hankalin jama'a, ko da daidai ce, ba ta da nauyin amsar da aka bi sawu aka samo, jama'a kuma suna jin bambancin.

Yanzu ga inda littafin ya yi ɓarna. Babin farko ya buɗe da labarin wani matuƙin F-86 da ya buɗe wa wani abu wuta a 1952. Ba sunan matuƙin, ba sunan sansanin, rahoton kuma wani jami'i ne ya nuna wa Ruppelt a ɓoye kafin a ƙone shi. Can gaba sai labarin da ya fi shahara: wai a 1948, bayan matuƙa biyu na kamfanin Eastern Air Lines, Chiles da Whitted, sun ce wani abu mai kama da roka ya gifta su a saman Alabama, ma'aikatan Project Sign sun rubuta takardar sirri suna cewa abubuwan daga wata duniya suke, shugaban rundunar, Janar Hoyt Vandenberg, ya mayar da ita saboda babu hujja, daga baya aka ƙone kwafe-kwafenta. Har yau ba a ga ko kwafi ɗaya ba. Ba na zargin Ruppelt da ƙirƙira, kuma na san dokar sirri ta ɗaure masa hannu. Amma duba abin da ya koya wa masu bin bayansa: takardar da ta fi muhimmanci ita ce wadda aka ƙone, rashinta kuma shi ne shaidar girmanta. A cikin labarin kansa, Vandenberg ya yi abin da ya kamata shugaba ya yi, ya ce a kawo hujja. A bakin masu ruwaya na baya ya zama uban masu rufa-rufa.

Na Lubbock ya fi ba ni haushi. A Agusta da Satumban 1951 wasu farfesoshi na kwalejin fasaha ta Texas suna zaune a tsakar gida da dare suka ga jerin fitilu masu launin shuɗi-kore sun wuce, suka sake gani a wasu dararen, wani ɗalibi kuma ya ɗauki hotuna. Ruppelt ya je da kansa, ya bi batun cewa tsuntsaye ne hasken sababbin fitilun titi ke haska cikinsu, ya gwada hotunan, ya ja mai karatu shafi bayan shafi. A ƙarshe sai ya ce an gano abin da farfesoshin suka gani, abu ne na yau da kullum, wani masanin kimiyya ne ya warware shi da na'urorinsa, amma ba zai faɗi yadda aka yi ba domin ya yi wa mutumin alkawarin sakaya shi. Ruwaya daga wanda ba a sani ba, a kan abin da ba a faɗa ba. Da wani ne ya aiko wa ofishinsa rahoto a haka, da Ruppelt ya jefa shi kwandon bayanin da bai isa ba.

Shirin talabijin ɗin da ya kawo ni nan daga waɗannan ramukan ya sha ruwa. Aidan Gillen ya fito a matsayin Hynek, aka ƙirƙiro wani Kaftin Quinn a gurbin Ruppelt, aka ƙara 'yar leƙen asirin Tarayyar Soviet da ke ƙawance da matar Hynek, da mutane masu baƙaƙen huluna, da janar-janar da suka san komai suna ɓoyewa. Kashi na farko labarin Gorman ne da aka sauya wa suna. An yi shi da kyau, na kuma kalle shi har ƙarshe, ba zan yi munafunci ba. Amma ya juya littafin kai ƙasa. A wajen Ruppelt abin tsoron shi ne manya ba su sani ba, suna faɗa da juna, wasu sun yi imani wasu na dariya, kuma ba mai son sa hannu. A shirin kuwa akwai wani ɗaki a can ciki inda amsar take a ajiye. Wannan ya fi daɗin kallo, ya kuma fi kwantar da rai, domin gara a ce maka shugabanni mugaye ne masu sani da a ce maka su ma lalube suke. Mu masu rubuta labari da Hausa muna da irin wannan jarabar: da wuya mu bar abin al'ajabi ba mu kawo boka ko malamin da zai zauna ya warware shi tsaf a babin ƙarshe ba.

A Janairun 1953 CIA ta tara kwamitin masana ƙarƙashin H. P. Robertson, cikinsu har da Luis Alvarez wanda daga baya ya ci kyautar Nobel. Sun yi 'yan kwanaki suna duba zaɓaɓɓun fayiloli da finafinai biyu, na Utah da na Montana. Suka ce abubuwan ba barazana ba ne, barazanar ita ce yawan rahotannin, wanda zai iya toshe layukan sadarwar soja a ranar da jiragen Soviet na gaske za su taso. Shawararsu ita ce a rage wa batun kwarjini a idon jama'a. Daga nan aikin ofishin ya sauya, har dokar aikin ta zo ta bayyana cewa a rage yawan waɗanda ba a tantance ba iya yadda za a iya. Alƙaluman rundunar sun ba da labarin da kansu. Zuwa lokacin da aka sanar da rufe Blue Book a Disamban 1969, bayan rahoton kwamitin Edward Condon na Jami'ar Colorado, an karɓi rahoto 12,618, guda 701 suka rage ba a tantance ba. Daga cikin 701 ɗin nan, 303 na shekarar 1952 ce kaɗai, shekarar da Ruppelt ya yi cikakkiya a kan kujera, inda aka karɓi rahoto 1,501. Ko dai sama ta fi cika da abin mamaki a wannan shekarar, ko kuwa shekarar ce aka bar mai riƙe da alƙalami ya rubuta bai sani ba.

Na san yadda na biyun ke faruwa domin na taɓa yi. A wani wurin da na yi aiki, ana auna ƙoƙarinmu da yawan ƙorafin da ya rage a buɗe ranar Juma'a. Wata mata ta yi ta kawo kuka cewa manhajar na cire mata kuɗi sau biyu. Na gwada ban gani ba, maimakon in bar shi a buɗe sai na rubuta cewa matsalar intanet ɗinta ce, na rufe, lissafin mako ya yi kyau. Bayan wata biyu muka gano kuskuren namu ne, yana faruwa idan saƙo biyu suka iso a cikin daƙiƙa guda. Ita ce Zarata, kuma ban ma san sau nawa aka cire mata ba kafin nan.

Batun bai tsufa ba. A Yunin 2021 ofishin daraktan leƙen asirin Amurka ya fitar da rahoto a kan abubuwa 144 da sojoji suka gani, guda ɗaya kawai aka tantance, shi ma balan-balan ne da ke sacewa. A Fabrairun 2023, bayan an harbo balan-balan ɗin China a gaɓar South Carolina, rundunar tsaron sararin Arewacin Amurka ta sassauta matatar radarta, wadda a da take watsar da ƙananan abubuwa masu tafiya a hankali, cikin 'yan kwanaki kuma aka harbo wasu abubuwa uku. Sama ba ta sauya ba a wannan makon, wani ne ya sauya lamba a cikin manhaja. A Maris na 2024 ofishin AARO na Pentagon ya ce bai samu wata hujjar fasahar wata duniya ba, waɗanda ba su yarda da Samford ba kuma jikokinsu ba su yarda da wannan ba.

Littafin Ruppelt bugu biyu ne, kuma ya kamata mai karatu ya san wanda ke hannunsa. Na 1956 ya ƙare ba tare da hukunci ba, ya bar wa lokaci. A 1960 aka sake fitar da shi da ƙarin babi uku, inda Ruppelt, wanda a lokacin yake aiki da kamfanin ƙera jirage na Northrop, ya ce ya gamsu babu wasu jiragen baƙi, duk abin tatsuniyar zamanin roka ce. Masu imani suka ce matsa masa aka yi. Ni abin da na gani a babobin shi ne mutumin da ya gaji da masu cewa sun sha shayi da mutanen Zara, ya kuma huce a kan kowa. Matsayar tasa ba ta dame ni ba, kusan ita ce tawa. Abin da ya dame ni shi ne ya iso gare ta ba tare da nuna matakan da ya saba nunawa ba, ya kuma bar babi goma sha bakwai na farko yadda suke, suna musa na ƙarshe. A cikin ƙarin ne ya cika alkawarin Lubbock da ya riƙe shekara huɗu: wai ƙwarin nan ne masu fikafikai da ke taruwa a jikin fitila da dare, hasken fitilun titi ya haska su. Ƙaramin abu na kusa, ke nan, wanda farfesoshi suka ɗauka ƙato ne na nesa. Bai kawo sunan masanin ba, bai kawo ma'aunin da aka yi ba. A Satumban shekarar ciwon zuciya ya kashe shi yana da shekara 37.